Sharhi: Maɗaba'un Abule Egba da wutar da ake ƙirga awoyinta, ba a auna lafiyarta

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu amfani da ke rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, muhawarar lantarki a Najeriya ta koma ta lissafin awoyi. An yi wa rukunin A alƙawarin awa 20 a rana, rukunin B awa 16, haka abin ke sauka har zuwa rukunin E mai awa huɗu. Farashin rukunin A ya sauko zuwa naira 206.80 a watan Mayu, ya sake hawa zuwa naira 209.50 a watan Yuli na wannan shekarar, amma ma'aunin bai canza ba: awa nawa aka kawo, awa nawa aka ɗauke. Hukumar ta ma gindaya cewa duk layin rukunin A da ya yi kwana bakwai a jere bai samu awoyinsa ba, za a mayar da shi rukunin ƙasa.

Akwai masu sana'ar da wannan lissafi ya taɓo rabin damuwarsu kawai. Ga mai maɗaba'a, ɗauke wuta asarar lokaci ce, ana iya ramawa da daddare. Wutar da ta zo a gurɓace kuwa, ko da ƙarfin da ya wuce kima ko da raunin da bai kai ba, ita ce ke cin jari. Babu inda jadawalin rukunonin nan ya yi maganar wannan.

Abule Egba na kan babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, inda gwamnatin jihar ta buɗe gadar sama a 2017, kusa da kasuwar gwanjo ta Kotangowa. Tana maƙwabtaka da Agege, matattarar Hausawa tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, inda Zango yake, da mayankar Oko-Oba wadda yawancin dabbobinta daga Arewa suke fitowa. Al'umma irin wannan ba ta rabuwa da buƙatar takarda: katin ɗaurin aure, kalandar makarantun Islamiyya, takardun jarrabawa, shaidar saukar Alƙur'ani, rasit na dillalan dabbobi da hatsi, fastocin wa'azi da na maulidi, sai kuma banonin 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. Ƙananan shaguna ne ke karɓar yawancin waɗannan ayyuka. Abin da ya fi ƙarfinsu su kai Shomolu, cibiyar ɗab'i ta Legas, ko Mushin. Abule Egba da Shomolu duka suna cikin yankunan da kamfanin Ikeja Electric ke raba wa wuta, ɗaya daga kamfanonin da aka miƙa wa 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamban 2013.

A nan akwai wani ɗan abin lura na tarihi. Abule Egba a Yarabanci na nufin ƙauyen Egbawa, mutanen Abeokuta, kuma a Abeokutan ne Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859, da injin da ake turawa da hannu. Wancan injin bai san ana ɗauke wuta ba. Duk matakin ci gaban da sana'ar ta taka tun daga lokacin, ƙara ɗaure ta ya yi da wayar lantarki.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce wannan ɗauri ya tsananta. Tsofaffin injinan Heidelberg na Jamus, irin su Kord 64 da GTO, waɗanda aka shigo da su na hannu suka cika lungunan Shomolu, ƙarfe ne da giya da moto. Suna da juriya, kuma makanikansu suna nan a gari. Amma aikin yau da kullum na ƙaramin shago ya koma kan injinan da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, irin na Konica Minolta, da manyan injinan buga bana waɗanda akasari ake harhaɗawa a ƙasar Sin da kan feshin tawada na Epson. Ran waɗannan injina yana cikin fanel, allo mai ƙananan sassa da ke aiki da wuta 'yar kaɗan. Idan fanel ya ƙone ba a cika gyara shi ba, sauyawa ake yi, kuma da dala ake sayo shi. Kafin a saki farashin naira a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan ƙonewar da a da mai shago zai iya jurewa, yanzu tana iya rufe masa shago.

Ta yaya wutar ke yin ɓarnar? Ƙa'idar Najeriya ita ce bolt 230 ga layi ɗaya, da kimanin bolt 400 tsakanin layukan nan uku da masu gyaran wuta ke kira fes. Mafi sauƙin cuta ita ce ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Injin bana yana da wurin da kan feshinsa ke komawa ya rufe bakinsa idan an kashe shi yadda ya kamata. In wuta ta tafi ba zato, kan ya tsaya a fili, tawada ta bushe a cikin ƙananan hudojinsa, ga shi kuma yana cikin sassa mafi tsada a injin. Injin da ke aiki da hodar tawada kuwa yana gasa ta a jikin takarda da zafin da ke kusantar digiri 200, saboda haka takardar da ta maƙale a wurin lokacin da wuta ta tafi tana iya lalata sashen.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da lokacin dawowa. Daƙiƙun farko bayan an maido wuta su ne mafi haɗari a rayuwar kowace na'ura. Firji da famfon rijiya da na'urar sanyaya ɗaki na unguwa gaba ɗaya suna tashi lokaci guda, ƙarfin wutar ya yi tsalle, ya faɗi, wani lokaci a sake ɗaukewa bayan minti ɗaya a kuma maidowa. Yara na ihun murna a waje, fanel na shan duka a ciki. Sau da yawa ba ya mutuwa nan take. Rauni ne ke taruwa, sai bayan watanni injin ya fara nuna saƙon matsala wanda mai gyara zai rasa daga ina ya samo asali.

Raunin wuta ma yana kisa, sai dai a hankali. Moto idan bai samu ƙarfin da yake buƙata ba, yakan ƙara zuƙo wuta domin ya ja nauyin da ke kansa, wayoyin cikinsa su yi zafi har rufinsu ya narke. Haka idan fes ɗaya cikin uku ya ɗauke, abin da ya zama ruwan dare a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, moton Kord ko na injin yankan takarda zai ci gaba da juyawa a kan sauran biyun yana gurnani har ya ƙone. Idan kuma bayan gyara aka mayar da wayoyin a birkice, moton zai juya da baya.

Mafi muni, a ganina, ita ce wadda aka fi jahilta. Bayan layukan nan uku akwai waya ta huɗu, niyutiral, wadda ke riƙe kowane layi a kan bolt 230. Idan ta tsinke, ko mahaɗarta ta ci tsatsa, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a gindin taransifoma, ma'aunin ya wargaje. Layin da ke ɗauke da kaya da yawa sai wutarsa ta yi ƙasa, wanda ke da kaya kaɗan kuma ta yi sama, tana iya doshin bolt 400. Wannan ne abin da ke faruwa a ranar da za ka ji an ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone talabijin da caja a layi guda. Ba walƙiyar daƙiƙa ɗaya ba ce, tana iya daɗewa har sai wani ya farga ya kashe. Soket mai tsawo da ake sayarwa a kasuwa da rubutun kariya a jikinsa ba a yi shi domin wannan ba, shi ma ƙonewa yake yi.

Ba a raba wannan da halin da babban layin ƙasa yake ciki. A 2024 kaɗai ya durƙushe fiye da sau goma, kuma a watan Oktoban shekarar ya faɗi sau da dama cikin mako guda. A watan ne kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir, don haka masu maɗaba'u a Kano da Kaduna da Zariya sun san wannan magana ba sai an fassara musu ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar a yawancin ranaku. Abule Egba ba ta da nisa da babbar tashar rarraba wuta ta Ikeja West da ke Ayobo, kuma tashar Egbin mai ƙarfin megawat 1,320 tana cikin jihar, amma kusanci ba ya hana komai idan layin ƙasa ya faɗi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa durƙushewar layin ƙasa, duk da ita ce ke shiga kanun labarai, ba ita ce ke ƙona yawancin injina ba. Ɓarnar ta fi faruwa a tsakanin taransifomar unguwa da bangon shago: mahaɗar da aka murɗa da hannu, siririyar waya da aka ja wa injin da ya fi ƙarfinta, fis da aka maye da igiyar tagulla, da gine-ginen da aka yi domin kwana aka mayar wurin sana'a ba tare da an sake jan wuta ba. Wani kaso na laifin yana kan masu raba wuta, wani kuma yana cikin shagon.

Janareta, wanda kowa ke ɗauka mafita, shi ma yana da nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma tsallake 1,000 kafin ƙarshen 2024. Man dizal dama ya daɗe da fita daga tallafi. Tsadar mai ta sa da yawa suna ɗora injin a kan janaretan da bai kai ba, ko su bar shi har mai ya kusa ƙarewa. Lafiyar wutar janareta tana tafiya ne da saurin juyawarsa: babba na dizal juyi 1,500 a minti, ƙarami na fetur 3,000. Moto idan zai tashi yakan zuƙi ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana tafiya, sai ƙaramin janareta ya durƙusa, wutar ta karkace, kwamfutar da ke layi ɗaya da shi ta sha wahala. Janaretan da mai ke ƙarewa a cikinsa kuwa yana ta shaƙewa yana farfaɗowa, kowace shaƙewa duka ce ga fanel. An gudu ba a tsira ba.

Abin mamaki shi ne kariyar da ta fi arha ita aka fi sakaci da ita. Mai shago zai tara kuɗi ya sayi janareta, ya ƙara da sitabilaiza, amma bai taɓa tambayar ko ginin yana da wayar ƙasa ba. Ita ce tushe. Sandar tagulla ce ake kafawa cikin ƙasa a haɗa ta da jikin injina da akwatin raba wuta, domin wutar da ta kauce hanya ta samu inda za ta bi. Na'urar kare tartsatsin tsawa da ake sanyawa a akwatin raba wuta aikinta karkatar da wutar zuwa ƙasa, in babu hanyar ƙasa mai kyau, kariyarta ta ragu ƙwarai. Al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin tana taimakawa na wani lokaci, amma ido ba ya gane ingancin wayar ƙasa, sai an auna da na'ura, an kuma sake aunawa bayan wani lokaci. Su kansu na'urorin kare tartsatsin suna tsufa da kowane duka da suka sha, shi ya sa masu kyau ke da alamar da ke nuna ƙarshen aikinsu.

Bayanta sai wata 'yar na'ura da kuɗinta bai kai na kan feshi ɗaya ba, wadda ke yanke wuta idan ta wuce iyaka ko ta gaza, kuma ba ta maidowa sai bayan ta jira 'yan mintuna ta ga wutar ta zauna. Ita ce maganin tsinkewar niyutiral, ita ce kuma maganin daƙiƙun farko na dawowa. Tana da 'yar'uwa ta injina masu fes uku, wadda ke tsayar da moto idan layi ɗaya ya ɗauke ko aka birkita jerin wayoyi. Duk wanda ke da Kord ko injin yanka kuma ba shi da wannan, caca yake yi da jarinsa kullum.

Sitabilaiza tana da amfani, musamman irin mai ɗan moto a ciki da ke daidaita wuta a hankali ba da tsalle ba, amma mutane na ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Tana gyara wutar da ta yi sama ko ƙasa ta zauna a haka, ba ta da saurin cafke tartsatsin da ke wucewa kafin ƙiftawar ido. UPS kuma, wato akwatin batir da ke riƙe na'ura idan wuta ta tafi, wurinsa kwamfuta ne da injin bana, domin a samu 'yan mintunan adana aiki da mayar da kan feshi mazauninsa. Ɗora injin hoda a kan ƙaramin UPS kuskure ne da ake yawan yi, saboda sashen gashin nan yana zuƙar wutar da ta fi ƙarfinsa. Masu hali sun fara komawa sola da inbata da batirin litiyam ga sashen kwamfuta, su bar manyan motoci na injina a kan layi daban. Rabuwar layin kanta kariya ce. Sauran kuwa tarbiyya ce ta ma'aikata: da an ɗauke wuta a kashe makunnin kowane inji, a bar janareta ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, a sauke kaya kafin a kashe shi.

To me ya hana? Wani ɓangare rashin sani ne, wani kuma haya. Yawancin shagunan nan na haya ne, kuma ɗan haya ba ya son haƙa rami da sauya wayoyi a ginin da za a iya tashinsa baɗi, mai gida kuma ba injinsa ba ne ke ƙonewa. A jerin shagunan da ke gini ɗaya, haɗa kuɗi a yi wayar ƙasa guda mai kyau ya fi kowa ya yi ta kansa. Akwai kuma matsalar jabu: waya mai ƙarancin tagulla da na'urar kariya da babu komai a cikinta sai fitila, abin da ke wuyan Hukumar Tabbatar da Ingancin Kaya ta Ƙasa, SON. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu jan wuta takardar shaida, amma mutum nawa ne ke neman ganin takardar kafin ya ba da aiki?

Idan ɓarnar ta riga ta auku, hanya tana nan a rubuce: a fara kai ƙorafi sashen karɓar koke na kamfanin raba wuta, in ba a gamsu ba a ɗaukaka zuwa ga hukuma. Inda ake cijewa shi ne hujja. Mitar da ke bangon shago yunit take ƙirgawa domin a biya kuɗi, mai shago ba shi da takardar da ke nuna bolt nawa ya shigo masa da ƙarfe uku na ranar Talata. Kamfani zai iya cewa laifin wayoyin cikin gida ne, kuma kamar yadda aka nuna a sama, wani lokaci gaskiyarsa ce. Shi ya sa ajiye littafin da ake rubuta rana da lokaci da abin da na'urar auna bolt ta nuna, tare da hoto da shaidar maƙwabtan da abin ya shafa da rahoton mai gyara mai lasisi, yake da muhimmanci. Inshora ma tana buƙatar karatun natsuwa, domin ta gobara ba lallai ta ɗauki ƙonewar fanel ba, akwai nau'i na musamman na kayan lantarki. Ga waɗanda ke ƙyamar inshorar gargajiya saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar.

Wurin da ake iya samun canji yanzu shi ne jihar kanta. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanya hannu a dokar wutar Legas a Disambar 2024, kuma a watan ne NERC ta ba da umarnin miƙa ragamar kula da kasuwar jihar ga hukumar Legas, LASERC. Sabuwar hukuma tana da damar da tsohuwar ba ta yi amfani da ita sosai ba. Za ta iya wajabta sanya na'urar da ke ajiye bayanin ƙarfin wuta a taransifomomin da ke ciyar da unguwannin sana'a, ta buɗe bayanin ga mai ƙorafi, ta kuma ƙayyade wa'adi da tsarin diyya idan aka tabbatar ɓarnar daga waje ta shigo. In har mutum yana biyan sama da naira 200 a yunit, bai wuce gona da iri ba don ya nemi a auna abin da ake sayar masa. Cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta ƙasa, CIPPON, wadda doka ta kafa a 2007, ita ta fi cancanta ta kai wannan buƙata teburin hukuma, domin mai shago ɗaya a Abule Egba ba zai iya ba.

Lokaci kuma yana matsowa. Kakar zaɓen 2027 ita ce za ta kawo wa maɗaba'u aikin da ba sa gani sai bayan shekara huɗu, injina za su riƙa kwana suna aiki, kuma da yawa za su ci bashi su ƙaro sababbi. Wanda injinsa ya ƙone ana saura mako biyu a kaɗa ƙuri'a zai jira fanel daga waje, aikin kuma ya tafi Shomolu.